Gargaɗi ga 'Yan Kasuwar Fagge da Sabon Gari Bisa Al'amarin Manyan Kantuna

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya sanya wa bayinsa arziki cikin saye da sayarwa, ya kuma kafa masa iyaka. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu, wanda ya yi fatauci tun gabanin aike ba a taɓa kama shi da ha'inci ba, da alayensa da sahabbansa baki ɗaya.

Bayan haka, wannan takarda ce daga jam'iyyarmu zuwa ga 'yan'uwanmu masu rumfuna da shaguna a Kantin Kwari, da Singa, da kasuwar Sabon Gari, da 'yan tebur da 'yan tireda na lunguna. Wanda ya iya karatu ya karanta wa wanda bai iya ba, ladan yana gare shi.

Ku sani, ya 'yan'uwa, cikin watan Janairu na 2024 kantin Shoprite da ke Ado Bayero Mall ya rufe ƙofa, bayan ya yi kusan shekara 10 yana ciniki a Kano. Tun daga ran nan muna jin waɗansu cikinmu suna murna, suna cewa kasuwa ta kā da kanti, ta kā da na jiya ta kā da na yau. Maganar da gaskiya cikinta, amma murnar ba ta da wuri. Abin da muke gani shi ne, kanti ya zo da waɗansu ɗabi'u na ciniki waɗanda asalinsu hukuncin addininmu ne, mu muka yar da su, baƙo ya tsinta. Kadan kanti ya tafi muka bar ɗabi'un nan suka bi shi, to, mu ne da hasara, talakan da ke saye hannunmu kuwa ya fi mu hasara.

Fasali na farko: asalin kanti a Kano

Kano ba ta koyi ciniki wurin kowa ba. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci, watau fiye da shekara 500 ke nan, Fagge kuwa masaukin ayarin Azbinawa ce a bayan ganuwa tun kafin a san Bature a ƙasar nan. Amma shi kanti baƙo ne, har sunansa ma aro ne daga bakin Turawa. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, sai kamfanonin Turawa suka biyo dogo, suka kafa sikeli suna awon gyaɗa da fatu da ƙiraga, suna sayar da akoko da gishiri da kananzir da tasoshi. Nan ne aka yanka Sabon Gari a 1913 domin ma'aikata da baƙi 'yan kudu, Kwarori kuma, watau mutanen Sham da Labanan, suka zauna kudancin Fagge da cinikin yadi, har wurin ya zama Kantin Kwari da kuka sani. A 1929 manyan kamfanoni biyu suka haɗu suka zama UAC, wanda Alhaji Alhassan Ɗantata ya zama babban mai saya masa gyaɗa. Ban da shi akwai John Holt, da G.B. Ollivant, da PZ, da na Faransawa CFAO da SCOA.

Kantunan farko ba shiga ake yi a ɗauka ba. Akawu yana bayan kanta, kai kana waje, ka faɗi abin da kake so ya miƙo maka. Dabarar a bar mai saye ya zaga da kansa ya zaɓa daga Amurka ta fito, wani mutum ana ce da shi Clarence Saunders ya fara ta a garin Memphis a 1916. Sannu a hankali ta ƙetaro. UAC ta buɗe Kingsway a Ikko a 1948, daga baya reshe ya zo Kano, ga kuma Leventis na mutumin Kubrus, da UTC na mutanen Siwizalan, da Chellarams na Indiyawa. Dattawanmu sun san zamanin da shiga Kingsway abin ba da labari ne, Turawa da manyan ma'aikata ke ciki, talaka sai leƙe ta gilashi.

Sa'an nan zamani ya juya. Dokar 1972 da ta 1977 suka tilasta wa kamfanonin baƙi su sayar wa 'yan ƙasa hannun jari. Kuɗin man fetur ya ja baya, gwamnatin Shagari ta tsuke shigo da kaya a 1982, a 1986 kuma aka karya darajar naira. Kantin da rayuwarsa ke bisa kayan ƙetare ba ya jure wannan, sai kantoci suka bushe, suka rurrufe ɗaya bayan ɗaya. Abin da ya saura gare mu sunaye ne. Har yau muna cewa mu haɗu a Bata, muna cewa za mu Singa sari, alhali takalmin da keken ɗinkin da suka ba wuraren nan suna ba su ne ake zuwa nema ba.

Shoprite kuwa na Afirka ta Kudu ne. Ya shigo Ikko a 2005, ya iso Kano a 2014, masu shi suka sayar da rassansu na Nijeriya ga 'yan ƙasa a 2021. A 2023 aka janye tallafin man fetur, naira ta sake faɗuwa, bai cika shekara ba bayan wannan reshen Kano ya rufe, suka ce halin ciniki ya yi tsanani. Ciwon da ya kashe na farko shi ya kama na baya: haya mai tsada, da wutar janareta dare da rana, da albashin ma'aikata, ga mai saye aljihunsa ya rame. Amma ku lura, irin cinikin bai mutu ba. Sahad da ya tashi a Kano ya kai har Abuja, ga Jifatu, ga waɗansu da yawa na 'ya'yan ƙasa, ƙanana da manya, kusan kowace unguwa. Watau mutane sun ɗanɗana wani abu cikin kanti sun ji daɗinsa, suna kuwa binsa duk inda ya koma.

Fasali na biyu: abin da mutane suka ɗanɗana

Kada ku zaci sanyin ɗaki ne ko hasken fitila. Waɗannan ƙawa ce. Abu huɗu ne.

Na farko, kowane kaya da kuɗinsa rubuce a jikinsa ko a bakin kanta. Alhaji mai babbar riga da yaron da aka aiko da kuɗi a ƙulle cikin leda, abu ɗaya za su biya. Ba a duban takalmin mutum kafin a yi masa suna, ba a sauraron harshensa a gane baƙo ne.

Na biyu, awo tabbatacce. Kilo ɗaya na sukari kilo ɗaya ne da safe, kilo ɗaya ne da yamma, sikeli kuwa fuskarsa na kallon mai saye.

Na uku, rasiɗi. Mai karɓar kuɗi ya haska zanen nan na layi-layi da ke jikin kaya, na'ura ta fid da takarda, ga sunan abu, ga kuɗinsa, ga ranar. Kadan gardama ta tashi akwai shaida wadda ba ta mantuwa, ba ta kuwa jin kunyar kowa.

Na huɗu, hanya. Tsakanin kanta da kanta an bar fili, mutum ya tura 'yar kurarsa ya wuce, mace ta zaɓi abinta ba mai jan mayafinta, ba mai cewa Hajiya zo nan.

To, wanne ne cikin huɗun nan Musulunci bai riga kanti faɗa ba? Sura guda aka saukar bisa masu tauye mudu, waɗanda ke cikawa in za su karɓa, su rage in za su bayar. Mutanen Madyana kuma, jama'ar Annabi Shu'aibu, laifin awo yana cikin abin da ya halaka su. Aya mafi tsawo cikin Alƙur'ani bisa rubuta bashi take. Ya zo cikin hadisi Annabi, tsira da aminci su tabbata gare shi, ya sa hannu cikin tarin abinci a kasuwa ya iske ƙarƙashinsa jiƙe, ya yi wa mai shi faɗa bisa ɓoye aibi. Malaman mazhabarmu sun hana a cuci wanda ya sakankance da kai bai san kasuwa ba, sun hana tayin ƙarya domin a ɗaga kuɗi, sun ba mai saye ikon mayar da kaya kadan ya iske aibin da aka ɓoye masa. Malam Yahaya ɗan Umar na Ƙairawan ya wallafa littafi sukutum bisa hukunce-hukuncen kasuwa fiye da shekara 1,000 da suka wuce. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya lissafa ha'incin ciniki cikin abubuwan da ya yi wa'azi a kansu, ƙaninsa Malam Abdullahi kuwa a nan Kano ya rubuta Liya'ul Hukkami domin mutanen Kano. Har shi cinikin ɗauka ka biya ba tare da an furta na sayar na saya ba, Malikawa sun inganta shi tun da daɗewa. Saboda haka mai cewa wannan al'adar Nasara ce bai yi bincike ba.

Yanzu mu dubi namu. Wane ne cikinmu bai san mai kwano biyu ba, babba na saye, ƙarami na sayarwa? Wane ne bai san kwanon da aka daki gindinsa ba, ko buhun da aka farke aka ɗebi kwano biyu aka sake ɗinkewa, ko shinkafar gida cikin buhun ta waje? A layin yadi akwai mai ce wa baƙo wannan mai tsadar ce, alhali ya san kwaikwayo ce. Akwai ɗan kayi-nayi da zai tare mutumin Maraɗi ko na Gashuwa a bakin ƙofa, ya kai shi shago, a ƙifta ido, a ɗora masa abin da za a raba bayan ya tafi. Ba mu ce duka haka ake ba. Masu tsoron Allah suna da yawa a kasuwannin nan, akwai shagunan da uba ya saya a ciki, ɗa ya saya, jika yana saye. Amma mai gaskiya da mai ha'inci rumfarsu ɗaya a idon baƙo, ba shi da alamar da zai rarrabe su, saboda haka yana shigowa da zargin kowa. Mai gaskiya shi ke biyan bashin da bai ci ba.

Wanda abin ya fi ci kuwa shi ne mai rauni. Matar da ke cikin kulle ba ta ga kasuwa ba, yaro ta aika, abin da aka ce masa shi zai dawo da shi. Magidancin da ke awo kullum, kadan ana rage masa tafi ɗaya a kowane kwano, ku lissafa a shekara, abincin kwana nawa aka cire daga bakin 'ya'yansa? Mai hali ya shiga mota ya tafi kanti ya huta da gardama. Mara hali ba shi da wurin zuwa sai gare mu.

Fasali na uku: amsa ga masu musu

Wani zai ce, tayi halal ne, da shi muka gāji ciniki. Gaskiya ne, ba mu kuwa ce a hana ba. Doki da gida da dila ta yadi, a taya a yi albarka har a sallama. Amma sabulu da sukari da man gyaɗa da omo, abin da kowa ya san kuɗin sarinsa, mene ne amfanin a ce wa wannan 1,000 a ce wa wancan 1,300? Rubuta kuɗi ba ya hana ka rangwame. Ka rage wa wanda ka so, sadaka ce gare ka. Abin da yake hanawa shi ne ka ƙara wa wanda bai sani ba.

Wani zai ce, Annabi ya ƙi yanke wa 'yan kasuwa farashi sa'ad da aka roƙe shi. Hakanan ne. Mu ma ba mu nemi hukuma ta yanka muku ba. Kai za ka yanka da kanka, gwargwadon sarinka da ribarka, sai dai ka bayyana shi a fili. Tsakanin mas'alolin nan biyu akwai nisa.

Wani zai ce, kuɗin kaya yanzu ba ya kwana, ka rubuta da safe azahar ta ƙaryata ka. Wannan ita ce hujja mafi ƙarfi, mun kuwa san zafinta, gama wanda ya sayar yau da kuɗin jiya gobe ba ya iya mayar da kaya. Amma allo da alli ba su da tsada. 'Yan canji na Wapa kuɗinsu ya fi naku saurin juyawa, duk da haka kowa ya tambaya a sa'a ɗaya kusan amsa ɗaya yake ji. Gidan mai yana rubuta kuɗin lita a bakin hanya, ya sauya in ya sauya. Ka goge ka sake rubutawa sau uku a yini in ka so, muddin abin da ke allo shi ne abin da ke bakinka.

Wani zai ce, ban yi boko ba. To, da wane rubutu ake buga takardar nan? Ajamin da ke jikin naira 500 da naira 1,000 shi ne wanda ka koya a makarantar allo. Rubuta sunan kaya da shi, ka sa lamba a gefe. Ɗan'uwanmu Inyamuri ko Bayarabe na Sabon Gari ya rubuta da boko, mai iyawa ya haɗa biyun. Lamba dai kowa ya san ta, tun da kowa yana danna waya.

Fasali na huɗu: aibin kanti

Kada wani ya ce mun zama 'yan koren kanti. Yana da nasa aibi, ba mu kuwa so ku kwaso shi.

Kanti bai san fuska ba. Ba ya ba da bashi, ba ya gyara, ba ya jiran ƙarshen wata. Mai tireda na lungu shi ke riƙe da gidaje da yawa tsakanin albashi da albashi, shi ke ɓare kwali ya sayar da ƙulli ɗaya, ya auna rabin gwangwani. Wannan jin ƙai shi ya sa kasuwa ta daɗe, ku riƙe shi da kyau, sai dai ku rubuta bashin, mai ci ya ga abin da aka rubuta.

Kanti an shirya shi domin ka sayi abin da ba ka zo saye ba. Abin bukata yana can ƙurya, sai ka ratsa kayan marmari kafin ka kai, alewa kuwa an jera ta daidai idon yaro a wurin biya. Wannan ƙofar almubazzaranci ce.

Akwai kuma al'adar ba da alewa maimakon canji. Ba ka nema ba, ba ka yarda ba, an sayar maka da ƙarfi. Kaɗan ne ga mutum ɗaya, amma haƙƙi ba shi da kaɗan, ga shi kuwa ta fara yaɗuwa har shagunanmu.

Rubutun kansa ma ana iya ha'inci da shi. A watan Fabrairu na 2024 hukumar tarayya mai kare haƙƙin masu saye ta rufe wani babban kanti a Abuja na ɗan lokaci, bisa zargin kuɗin da ke kanta dabam, wanda na'ura ke karɓa dabam. Saboda haka muna gaya wa masu saye, ku duba rasiɗinku tun ba ku bar ƙofa ba, ku duba ranar lalacewa a jikin gwangwani da magani. Na'ura ba ta da tsoron Allah, mai ita ke da shi ko ya rasa.

Fasali na biyar: abin da muke nema

Muna roƙon shugabannin kasuwa da na layi-layi, da iyayenmu masu unguwanni, da limaman masallatan kasuwa, su taru bisa abu biyar.

Ɗaya, kowane mai sayar da kayan masarufi ya rataye allo da kuɗin kayansa.

Biyu, kowane layi na 'yan awo ya aje kwano ɗaya da sikeli ɗaya na shaida wurin shugabansa, mai hatimi, wanda ya yi shakka ya je ya gwada kyauta. A riƙa zagawa ana gwada na 'yan layi ba tare da an sanar da rana ba. Ma'aikatan awo na gwamnati da Hisba su taimaka, amma gyaran da 'yan kasuwa suka yi da hannunsu ya fi daɗewa bisa wanda aka yi musu da sanda.

Uku, ciniki mai nauyi a ba da rasiɗi, ko da na hannu ne, da sunan shago da lambarsa. A daina rubuta cewa kayan da aka saya ba a mayarwa, domin sharaɗin nan ba ya kankare aibin da mai kaya ya sani ya ɓoye.

Huɗu, dillali ya faɗi la'adarsa a gaban mai saye da mai sayarwa. La'adar da aka bayyana halal ce, sana'a ce ta iyaye da kakanni.

Biyar, a buɗe hanyoyi. Gobarar da ta ci dubban shaguna a kasuwar Sabon Gari cikin watan Maris na 2016 ba ta fita zukatanmu ba. Tebur ɗaya da aka kafa a tsakiyar hanya yana kawo wa mai shi 'yan kuɗi, ran da wuta ta tashi kuwa shi zai tare motar 'yan kwana-kwana daga dukiyar mutum dubu.

Mun san wanda ya fara zai sha dariya, maƙwabta su ce ya mai da rumfa kanti, wataƙila kuma ya rasa ribar baƙo ɗaya ko biyu. Amma baƙon da ya koma garinsu ya ce akwai shago kaza a Kwari, ko yaro ka aika ba a cutarsa, ya fi maka tallan rediyo. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. 'Ya'yanmu da suka tashi suna ganin kuɗi rubuce ba za su yi haƙurin da iyayensu suka yi ba, kadan ba su samu wurinmu ba za su nema wurin wani. 'Yan jam'iyyarmu masu shaguna su ya kamata su fara rataye allo kafin kowa, don kada mu yi horo da abin da ba mu aikatawa.

Allah ya sa albarka cikin kasuwanninmu, ya tsare su daga wuta da ruwa, ya tsare hannuwanmu daga haƙƙin mutane, ya ba shugabanninmu ikon tsai da gaskiya. Amin.

Wassalamu. Daga magatakardan jam'iyya, Fagge, Kano.